'Yan rakiyar da ke gina tsokar ɗan tayi, da abin da zazzaɓin mai ciki ke yi musu

Tsakanin mako na 16 zuwa na 20 da shigar ciki ne mace takan fara jin wani ɗan motsi a mararta, wanda masu cikin fari kan kasa bambanta shi da juyawar hanji. A wajen iyali wannan albishir ne. A wajen masana ilimin halitta kuwa labari ne da ya iso a makare, domin na'urar hoton ciki tana nuna ɗan tayi yana motsi tun wajen mako na takwas, zuciyarsa kuma ta fara bugawa kimanin kwana 22 bayan haɗuwar ƙwan mace da maniyyi, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun ɗauka ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan motsi aikin tsoka ne, ita kuma tsoka inji ce mai tsari wadda ba ta jure kuskure. Masana sun daɗe suna tambayar yadda ake harhaɗa wannan inji a cikin tayin da bai kai girman ƙwayar wake ba. Amsar da ta fito sannu a hankali cikin shekaru 60 da suka wuce, daga binciken ƙuda da tsutsa da kifi da ɓera, ta nuna cewa ginin ba ya yiwuwa sai da wani rukunin furotin da ake kira furotin na bugun zafi, ko HSP a taƙaice. Sunan yana da ruɗarwa, kuma tarihin yadda aka raɗa shi ne zai warware ruɗin.

Kuskuren da ya buɗe ƙofa

A farkon shekarun 1960, wani matashin masanin ilimin gado a Italiya mai suna Ferruccio Ritossa yana nazarin tsutsar ƙudan 'ya'yan itace. A cikin ƙwayoyin halittar da ke yi wa wannan tsutsa yawu akwai manyan kuromosom da ake iya gani ƙarara a madubin ƙara girma, kuma duk inda wata ƙwayar gado ta kama aiki, wurin yakan kumbura. Wata rana wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatin ɗumin da ake renon tsutsotsin a ciki. Da Ritossa ya duba, sai ya tarar da sababbin kumburi a wuraren da bai saba ganinsu ba. Ya maimaita gwajin da gangan, sakamakon bai canza ba. Wata babbar mujalla ta ƙi karɓar rahotonsa bisa cewa ba shi da wani muhimmanci ga ilimin halitta, daga bisani mujallar Experientia ta buga shi a 1962.

Sai a 1974 ne Alfred Tissières da abokan aikinsa a cibiyar Caltech ta Amurka suka nuna abin da kumburin ke haifarwa: idan zafi ya bugi ƙwayar halitta, takan dakatar da sarrafa yawancin furotin da ta saba yi, ta mayar da ƙarfinta kan wasu 'yan kaɗan na musamman. Aka riƙa kiransu da nauyinsu, kamar Hsp70 da Hsp90 da Hsp27. Bayan haka aka gano cewa suna nan a cikin bakteriya da tsirrai da dabbobi da mutane, kuma da yawansu suna aiki ko da babu wani zafi. Hsp90 kaɗai ya kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na duk furotin da ke cikin ƙwayar halitta mai zaman lafiya.

Abin da ya sa furotin ke buƙatar ɗan rakiya

Ana ƙera furotin ne a matsayin dogon zare na amino asid, amma ba ya yin aiki sai ya naɗe zuwa wata siffa guda. Christian Anfinsen ya sami kyautar Nobel a 1972 saboda nuna cewa jerin amino asid ɗin ne ke ɗauke da bayanin siffar. Sai dai kwalbar gwaji daban, cikin ƙwayar halitta daban. A can akwai cunkoso irin na kasuwa ranar cinta, furotin gram 200 zuwa 300 a kowace lita, kuma sabon zaren da bai gama naɗewa ba yana da ɓangarori masu danƙo da kan manne da na maƙwabcinsa. Zafi yana ƙara dagula lamarin domin yana warware wanda ya riga ya naɗe. Duk wanda ya taɓa soya ƙwai ya ga wannan da idonsa: farin ƙwan da yake ruwa-ruwa ya dunƙule ya yi tauri, kuma ba ya komawa.

Aikin HSP shi ne riƙe sabon zaren, su rufe ɓangarorinsa masu danƙo har ya kammala naɗewa, sannan su sake shi su kama wani. Wanda ya lalace ba ya gyaruwa kuma su miƙa shi inda za a narkar da shi. Masanin Birtaniya John Ellis ne ya yaɗa musu a 1987 wani suna da ma'anarsa ta yi daidai da 'yan rakiyar amarya: suna kai ta ɗakinta, su tabbatar ta zauna daram, amma ba su ne za su yi zaman auren ba. A 2011 Ulrich Hartl na Jamus da Arthur Horwich na Amurka suka sami kyautar Lasker kan bayyana yadda wannan rakiya ke gudana.

Yadda tsoka ke tsirowa

Daga wajen kwana na 20, wasu ƙananan dunƙule da ake kira somait sukan fara jeruwa biyu-biyu a gefen abin da zai zama lakar tayi, har su kai wajen 42 zuwa 44 a kowane gefe. Daga cikinsu ne ƙashin baya da haƙarƙari da kusan dukan tsokokin gangar jiki da na hannu da ƙafa ke fitowa. Abin da ke sanar da ƙwayar halitta cewa makomarta tsoka ce shi ne wasu ƙwayoyin gado huɗu, waɗanda mafi shahararsu ita ce MyoD da Harold Weintraub da abokansa suka gano a Siyatil ta Amurka a 1987. Da umarnin ya isa, ƙwayoyin halittar sukan hayayyafa, su daina rabuwa, sannan su narke cikin juna su zama dogon silin tsoka guda mai cibiyoyi da yawa.

A cikin wannan sili ne ake jera injin. Ƙaramin sashensa ana kiransa sakomiya, tsawonsa wajen kashi biyu cikin dubu na milimita, kuma ana jera dubbansa bi da bi. Kowace sakomiya tana da siraran zare na aktin, da zare masu kauri waɗanda kowannensu ya ƙunshi mayosin kusan 300, da kuma taitin, furotin mafi girma da aka sani a jikin mutum, mai amino asid sama da 30,000, wanda ke riƙe zaren mai kauri a tsakiya kamar roba. Tun 1954 masana a Ingila da Amurka suka nuna cewa tsoka tana ƙanƙancewa ne idan kawunan mayosin suka kama aktin suka ja shi, yadda ake jan igiyar guga hannu bayan hannu.

Matsalar tana kan mayosin. Kansa, wanda shi ne injin jan, ba ya iya naɗewa shi kaɗai. Masu bincike sun sha gwada sa bakteriya ta ƙera mayosin na tsoka kamar yadda ake sa ta ƙera insulin, abin da ke fitowa kuwa dunƙulallen shara ne. A cikin ƙwayar tsoka ne kawai yake fitowa daidai. Hakan ya nuna cewa akwai wani mataimaki a cikin tsokar da bakteriya ba ta da shi.

Tsutsa da kifin da suka kasa motsi

An fara gano mataimakin ne a jikin wata tsutsar ƙasa mai tsawon milimita ɗaya da ake kira C. elegans, wadda Sydney Brenner ya zaɓa don bincike a Kambirij. A 1974 Henry Epstein da Nichol Thomson suka bayyana wata tsutsa mai lahani a ƙwayar gadon da ake kira unc-45. Idan aka rene ta a digiri 15 a ma'aunin Salshiyos, tana tafiya lafiya lau. Idan aka rene ta a digiri 25, sai ta shanye, zaren mayosin ɗinta su ragu kuma su hargitse. Idan kuwa sai da ta gama girma aka canza mata zafin, tsokar da aka riga aka gina ba ta rushewa, wanda ke nuna cewa lokacin gini ne aka fi buƙatar wannan furotin. Tayin tsutsar da ba shi da shi gaba ɗaya yakan tsaya cak a cikin ƙwai, bai motsa ba, ya mutu.

A 2002 ɗakin binciken Epstein tare da na Hartl suka wallafa a mujallar Science cewa UNC-45 ɗan rakiya ne mai hannu biyu: ɗaya yana riƙe kan mayosin, ɗayan yana riƙe Hsp90. A 2013 masana a Biyana ta Ostiriya suka ƙara nuna cewa waɗannan furotin suna sarƙafuwa da juna su yi layi, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta yi kusan daidai da tazarar kawunan mayosin a jikin zare. Ke nan bayan naɗe injin, suna taimakawa wajen jera shi a mazauninsa.

Tsutsa ba ta da ƙashin baya, saboda haka aka koma ga kifin zebra, ɗan ƙaramin kifin kogunan Indiya wanda tayinsa garau yake kamar gilashi, kuma yakan fara murɗa jela sa'o'i 17 kacal bayan haɗuwar ƙwai. A 2008 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Landan ɗaya a Baltimo ta Amurka, suka nuna cewa tayin kifin da Hsp90a ɗinsa ya lalace yana fita da siffa cikakkiya amma ba ya motsi. An fara ginin sakomiya, siraran zaren aktin suna nan, zaren mayosin ne babu. Abin da ya fi jan hankali shi ne zuciyar wannan tayi tana bugawa, kuma wata ƙwayar gado mai kama da Hsp90a sosai, wadda ke zaune dab da ita a kan kuromosom, ba ta iya maye gurbinta. Shekara guda kafin nan masana a Jamus sun bayyana wani tayin da Unc45b ɗinsa ne ya lalace, shi kuma har zuciyar ba ta bugawa. Darasin shi ne kowane ɗan rakiya da gidan da yake kai amarya.

Gwaje-gwaje a tsutsa da kifi sun kuma nuna cewa idan UNC-45 ya wuce ƙima, shi ma yana hargitsa zaren mayosin. Don haka ƙwayar halitta tana da hanyar narkar da rarar sa da zarar ya gama aiki. Ko zuma ce, in ta yi yawa takan gundura.

Ƙanana masu babban aiki

Baya ga Hsp90 da Hsp70 akwai ƙananan HSP guda 10 a jikin mutum, kuma da yawansu sun fi taruwa a tsoka da zuciya. A 2017 masana a Sandiyago suka cire ɗaya daga ciki, HSPB7, daga jikin ɓera. Tayin ya mutu a wajen tsakiyar cikin da kan ɗauki kwana 20, domin zaren aktin na zuciyarsa sun yi tsawon da ya wuce ƙa'ida sun cukuikuye. Ashe aikinsa shi ne riƙe tubalan aktin don kada a yi ta ɗora su babu iyaka.

Wani kuma mai suna Grp94, ɗan uwan Hsp90, ta wata hanya yake shafar tsoka. Shi ke naɗe sinadarin girma da ake kira IGF kafin a fitar da shi. Binciken da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa ƙwayoyin halittar tayin ɓera da ba su da shi suna iya zama wasu sassan jiki, amma ba sa iya zama tsoka.

A jikin mutane, shaidar ta zo ne ta hanyar cututtukan gado. A 1998 aka gano a wani dangi a Faransa cewa sauyin amino asid ɗaya tak a ƙaramin HSP mai suna alfa-B-kiristalin yana haddasa raunin tsoka da ciwon zuciya da yanar ido a tare. A 2009 asibitin Mayo na Amurka ya danganta wani mummunan ciwon tsoka na yara da lahani a BAG3, abokin aikin Hsp70 wanda ke kwashe sassan sakomiya da suka lalace. A 2012 aka gano lahani a DNAJB6 a wasu iyalai a Finland da wasu ƙasashe masu fama da shanyewar tsokar ƙugu da kafaɗa. Zuwa 2020 an bayyana yara masu raunin tsoka saboda lahani a UNC45B, wato furotin ɗin nan da aka fara gani a tsutsa shekaru 46 kafin nan.

Idan zafin gaske ya zo

Mai karatu zai iya zaton cewa tayin da ke cike da furotin na bugun zafi ya tsira daga zafi. Abin ba haka yake ba. A shekarun 1960 wani likitan dabbobi a Ostireliya, Marshall Edwards, ya lura cewa bayan wani tsananin zafi da ya bugi rumfar da ake kiwon ɓerayen Masar, wasu sun yi ɓari, wasu kuma sun haifi 'ya'ya masu sandararrun gaɓoɓi. Gwaje-gwajen da ya fara wallafawa a 1967 sun tabbatar da cewa zafin jikin uwa, idan ya haura na ƙa'ida da wajen digiri biyu ko fiye kuma ya daɗe, yana iya nakasa tayi, kuma irin nakasar ta dogara ga sashen da ake ginawa a ranar.

Dalilin yana cikin abin da Tissières ya gani. Idan zafi ya bugi ƙwayar halitta takan ajiye aikin da take yi ta koma ceton kanta, rabuwar ƙwayoyin halitta ta tsaya na sa'o'i, wasu su mutu. 'Yan rakiyar da ke kan aikin gini su ma akan janye su zuwa aikin gaggawa. Jikin babba yana iya biyan wannan bashi daga baya. Tayi kuwa da jadawali yake tafiya, kuma abin da ranarsa ta wuce ba a gina shi ba, da wuya a dawo masa. Su ma gaɓoɓi sai da motsi suke samun siffarsu, shi ya sa tayin da tsokarsa ko jijiyarsa ta gaza yakan zo duniya da gaɓoɓi a sandare, lalurar da ke samun kimanin jariri ɗaya cikin 3,000 bisa dalilai daban-daban.

A mutane, shaidar da ta fi ƙarfi ta shafi ƙwaƙwalwa da laka. Wani nazari da aka wallafa a 2005, wanda ya haɗa sakamakon bincike 15, ya gano cewa zafin jikin uwa a farkon ciki yana da alaƙa da ƙaruwar haɗarin rashin rufewar bututun laka da kusan ninki biyu. Wannan bututu yana rufewa ne zuwa kwana na 28. Wajibi ne a fahimci lissafin daidai: ninki biyu na ƙaramin haɗari har yanzu ƙarami ne, kuma mafi yawan matan da suka yi zazzaɓi da ciki lafiya suke sauka.

Zafi kaɗan da aka auna kuwa yana iya zama horo. Masu binciken kaji a Isra'ila sun nuna cewa idan aka ɗaga zafin injin ƙyanƙyasa daga digiri 37.8 zuwa 39.5 na sa'o'i 12 a kullum, daga rana ta 7 zuwa ta 16 cikin kwana 21 na ƙyanƙyasa, kajin da suka fito sun fi jure zafi idan sun girma. Da aka bar zafin dare da rana babu hutu, sai yawan ƙyanƙyasa da nauyin 'yan tsaki suka ragu. Tsakanin horo da illa 'yar tazara ce ta sa'o'i da digiri, abin da ya kamata duk mai gidan gona da ke fama da ɗaukewar wuta ya sani kafin ya yi gigin gwadawa.

Inda abin ya shafe mu

Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma zazzaɓi ne hanyar da ta fi saurin ɗaga zafin cikin jikin mai ciki. Jikin mai lafiya yana iya riƙe zafinsa a wajen digiri 37 ko da rana ta take, muddin akwai ruwan sha da inuwa da hutu. Duk da haka zafin gari ma yana da nasa tasiri. Wani bincike da aka yi a Gambiya a kan mata masu ciki 92 da ke aikin gona, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa duk ƙarin digiri ɗaya na matsin zafi yana tafiya da ƙarin kashi 17 cikin 100 na alamun wahala ga ɗan da ke ciki, kamar saurin bugun zuciya da raguwar jinin da ke bi ta cibiya. Ma'aikaciyar da ke shafe sa'o'i a cunkoson hanyar Mararaba ko Kubwa a watan Maris, ta isa ofishin da babu wuta, ba a gona take ba, amma jikinta da irin wannan lissafi yake aiki.

Matakan kariyar sanannu ne kuma masu araha. Mai ciki ko mai neman ciki da ta ji zazzaɓi ta je a gwada ta a ranar, kada ta jira ya sauka da kansa ko ta sha magani bisa shawarar maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shan folik asid tun kafin ɗaukar ciki, da kwana cikin gidan sauro mai magani, da karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na SP a wurin awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, da tazarar wata guda tsakani. Shugaban sashen da ya sassauta wa mai ciki lokacin zuwa da tashi a watannin bazara, ko ya mayar da teburinta ɗakin da iska ke shiga, bai kashe wa gwamnati ko kwabo ba.

Akwai kuma abin lura ga waɗanda takardun neman kuɗin bincike ke ratsa teburinsu a ma'aikatu da hukumomi. Babu ko ɗaya daga cikin binciken da aka ambata a nan da ya fara da alkawarin warkar da wata cuta. Kumburin kuromosom ɗin ƙuda ne, da tsutsar da ta kasa rarrafe, da kifin da bai murɗa jela ba. Rahoton Ritossa da aka mayar masa da shi a matsayin marar muhimmanci shi ne ya zama tushen fagen da a yau likitoci ke dogara da shi wajen faɗa wa iyaye sunan ciwon da ya hana ɗansu tafiya.